Ranar Kare Furojet: Haɗa Fayilolinku Su Zama Tsintsiya Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kare furojet ya san inda gumi ke fara karyo wa ɗalibi. Yana shafi na 18, sai malamin da ya zo daga waje ya ce, "Koma mini kan teburin sakamakon nan." Daga nan sai danne-danne baya, shafuka na wucewa a majigi kamar jirgin ƙasa, minti biyu daga cikin goman da aka ba shi sun tafi. Idan aikin rukuni ne abin ya fi muni, domin kowa da fayil ɗinsa, sai an rufe wannan a laluba wancan, malamai na kallon hotunan da ke fuskar kwamfutarka.

Maganin yana cikin PowerPoint ɗin da muke amfani da shi kullum, sai dai yawancinmu mun ɗauke shi kamar littafi, daga shafi na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ni dai shawarata ita ce a gina shafi guda ya zama tasha, daga shi hanya ta tafi ko'ina.

Kafin ku taɓa komai, ku buɗe folda ɗaya ku zuba duk fayilolin a ciki. Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Mahaɗi adireshi kawai yake riƙewa, ba ya kwafo fayil ɗin da ya nuna. In ka haɗa su tun suna warwatse, ko ka sauya wa ɗaya suna daga baya, ranar da ka danna sai ya ce bai ga komai ba. Haka nan idan za a kai ɗakin taro, foldar gaba ɗaya ake ɗauka a filash.

To, sai babban fayil. Ka yi shafi mai ɗauke da sassan aikin: Gabatarwa, Hanyar Bincike, Sakamako, Kasafi, Shawarwari. Ka zana wa kowanne akwati, ka zaɓi akwatin, ka danna Ctrl da K tare. Idan sashen yana cikin wannan fayil ɗin, ka zaɓi Place in This Document ka nuna shafin. Idan yana fayil ɗin abokin aikinka, ka zaɓi Existing File or Web Page, ka nuna fayil ɗin, sannan ka danna Bookmark domin ka sauka a kan ainihin shafin da kake so. A nan ne za ka gane amfanin sa wa kowane shafi take, saboda da taken PowerPoint ke jero maka su. Akwai wata hanyar ta Insert sannan Action, inda za ka ga zaɓin Other PowerPoint Presentation. Duk tafiyar ɗaya ce.

Na fi son a ɗora mahaɗi a kan akwati maimakon a kan rubutu. Rubutun da aka haɗa yakan sauya launi a ja masa layi, ga shi siriri, hannu na rawa sai ka kuskure shi.

Tafiya sai da dawowa fa. Idan fayil na biyu ya buɗe ka gama da shi, Esc sau ɗaya zai rufe shi ya maido ka inda ka taso. Sau ɗaya na ce. In ka ƙara, nunin duka ya rufe. A cikin fayil ɗaya kuwa, ka duba ƙarshen jerin Shapes, akwai maɓallai da aka tanada, har da mai hoton gida. Ka sa shi a kusurwar kowane shafi, ka saita shi ya riƙa komawa tasha.

Abin da ya fi burge ni shi ne shafukan ko-ta-kwana. Ai ka san tambayoyin da za su zo: yadda ka yi lissafi, zanen waya, hoton na'urar tun ana haɗa ta. Ka shirya su, ka ɓoye su da Hide Slide, ka ajiye musu ƙananan maɓallai. Nunin ba zai bi ta kansu ba sai ka kira su. Malami na tambaya, kai kuma danni ɗaya amsa ta bayyana a bango.

Masu PowerPoint 2019 ko Microsoft 365 suna da Zoom a ƙarƙashin Insert, wanda zai haɗa maka shafin tasha da kansa. Yana da kyau, amma kada ka dogara da shi in ba ka san shekarun kwamfutar sashenku ba. Mahaɗi na gargajiya ya fi jure tsofaffin kwamfutoci.

Ku gwada da F5, domin a lokacin nuni ne za ka ga ko kowane maɓalli na kai ka inda ya dace. Gwajin gaskiya kuwa shi ne a cire filash ɗin a sa a kwamfutar wani, a danna komai ɗaya bayan ɗaya. Idan gargaɗin tsaro ya fito, ka amince, fayil ɗinku ne. Sannan ka rubuta lambobin muhimman shafuka a 'yar takarda: ko mahaɗi ya ƙi, buga 12 ka danna Enter zai kai ka shafi na 12 kai tsaye.