Malam, Kawo Kasuwar Wuse Cikin Aji

Malaman tattalin arziki na jami'o'in Abuja, ku guji cika allo da lissafi da misalan Amurka, har ɗalibi ya ci jarrabawa amma ya kasa bayyana dalilin tsadar shinkafa a Kasuwar Wuse. Ga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a garin nan, tana fitar da rahoton hauhawar farashi duk wata. Ku sa ɗalibai su karanta shi, su bibiyi farashin kaya biyar tsawon zango, su auna yadda cire tallafin mai a Mayun 2023 ya taɓa kuɗin mota daga Gwagwalada. Za a ce manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan. Gaskiya ne, amma minti goma a kowane darasi sun wadatar.