Kafin Ka Buɗe Gwangwanin Banish

Yawancin teburan da ke fitowa da kaushi ko dabbare-dabbare, gaggawar mai aiki ce ta jawo, sai a ɗora wa banish laifi. Ga abin da ya kamata mai yi wa kayan katako kwalliya a gida ya kiyaye.

1. Tabbatar katakon ya bushe. Wanda aka yanko daga kudu da damina, in hunturun Kano ko Damagaram ya buge shi sai ya tsuke, banish ɗin ya tsage tare da shi. A jingine shi a inuwa ya sha iska na wasu makonni.

2. Nan ne aikin yake: guga da samfefa. In katakon na da kaushi fara da lamba 80, ka koma 120, sai 180. Kada ka yi tsallake, domin kowace lamba tana share ƙarcen da ta gabanta ta bari. Ka bi tsawon zanen katakon. Gugar gicciye tana barin ƙarce da ido ba ya gani, sai ka shafa launi ya fito ɓaro-ɓaro, a lokacin kuwa an makara. Rufe ido ka bi saman da tafin hannu, hannu ya fi ido gane kaushi. Ka kuma duba mahaɗa: duk inda gam ya tsiyayo ya bushe, launi ba zai shiga ba, sai ka ga farin tabo a ƙafar kujera. Kankare shi tun yanzu.

3. Gwada launin a guntun katako ko ƙarƙashin teburin. Farin katako irin obeche ba ya shan launi daidai, kuma bakin da zarto ya yanka yana zuƙa fiye da sauran jiki har ya yi duhu, saboda haka a fara ba shi sila mai ruwa-ruwa. Shafa launi da tsumman auduga, jira minti 5 zuwa 10, ka goge rarar. Shi kuwa maɗaci, a ganina asara ce a rufe jan da Allah ya ba shi da baƙin launi.

4. Iroko yana da maiƙo. Goge shi da tina kafin banish, in ba haka ba zai daɗe yana danƙo.

5. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. Dama banish a hankali, kada ka girgiza gwangwanin ya yi kumfa. Bayan kowane shafi ya bushe, bi shi sama-sama da lamba 320. Masu sirka banish da fetur don arha, su daina.

6. Da hunturu yi aiki a ɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ranar hadari a haƙura, laima na hana bushewa.

7. Ko a ɗaki kake aiki, buɗe tagogi don iska ta shiga, ka nisanci murhu da yara. Tsumman da ya sha man katako na linsid yana iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi, don haka a shanya shi a fili ko a jiƙa shi a ruwa.

8. Banish na bushewa a kwana ɗaya, amma ƙwarinsa sai ya kusan wata. Uwargida, kafin nan kada a ɗora tukunya ko kofin shayi mai zafi a kai.