Nasiha Ga Mai Ƙuri'ar Farko A Kalifoniya

Ɗana, tunda Allah ya nufa ka zama ɗan ƙasa a Amurka, bari in ja kunnenka kan wani ɓangare na takardar zaɓe da mutane da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi. Bayan sunayen 'yan takara za ka tarar da jerin ƙudurori, kowanne da lambarsa, ana so ka ce i ko a'a. A gida mun saba da zaɓen mutum, shi ya tafi majalisa ya yi doka. A Kalifoniya kuwa, tun 1911 jama'a ke da ikon yin doka da hannunsu. Ɗan majalisa in ya saɓa, sai a kayar da shi a zaɓe na gaba. Dokar da jama'a suka kawo suka amince da ita, majalisa ba ta da hurumin gyara ta sai ta koma wurinsu, in ba ita dokar ce ta ba da wannan dama ba.

Dubi ƙuduri mai lamba 13 na 1978. Ya hana harajin gida ya wuce kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, ya kuma hana ƙimar ta hau fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara har sai gidan ya sauya hannu. Ya sauƙaƙa wa tsofaffi da yawa zama a gidajensu, ba a musun wannan. Amma yau sai ka ga maƙwabta biyu, gida iri ɗaya, wanda ya saya bara yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da tsohon mazauni ke biya. Da yawa daga waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar a 1978 sun riga mu gidan gaskiya, dokar tana nan daram.

Saboda haka kada tallan talabijin ya zama malaminka. Ofishin Sakataren Jiha kan aiko da littafin bayani ta gidan waya kafin zaɓe. Fara da sharhin ofishin nazari na majalisa, wanda ba ya bin jam'iyya: zai gaya maka abin da i ke nufi, abin da a'a ke nufi, da nawa za a kashe. Hujjojin magoya baya da na masu adawa da ke biye, ra'ayinsu ne kawai, babu hukumar da ta tantance gaskiyarsu.

Sannan ka tambayi wa ya zuba kuɗi. A 2020 Uber da Lyft da DoorDash da abokansu sun kashe fiye da dala miliyan 200 kan ƙuduri mai lamba 22, domin direbobinsu su ci gaba da zama masu zaman kansu maimakon ma'aikata. Suka kuma saka sharaɗin cewa sai kashi bakwai cikin takwas na majalisa sun yarda kafin a gyara shi. Ban ce yawan kuɗi na nufin ƙudurin ba shi da kyau ba, kuma kuɗin ba kullum yake cin nasara ba: a 2022 kamfanonin caca sun yi ɓarin daloli kan halatta cacar wasanni ta intanet, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ce a'a. Amma wanda ya kashe irin wannan dukiya, akwai abin da yake hange.

In ka ga batun cin bashi don gina makarantu ko harkar ruwa, ka tuna cewa da kuɗin ruwa za a biya shi, shekara da shekaru, daga harajinka da na 'ya'yanka. Wani bashin ya cancanta, wani a'a.

Ƙudurin da ka karanta ka kasa gane kansa, kada ka yi masa canke. Bar gurbinsa babu komai. Hakan ba ya ɓata sauran ƙuri'arka.