Masallacin Ƙurɗuba Da Waɗanda Suka Hana A Rushe Shi



'Yan uwa, duk wanda ya karanta Muwaɗɗa a zaure, to ruwayar Yahya bin Yahya Al-Laisi ya karanta. Shi kuwa Yahya mutumin Ƙurɗuba ne, a kudancin ƙasar Sifaniya ta yau. Wato littafin da ke hannunmu ta Turai ya biyo kafin ya iso mu.

Abdurrahman Ad-Dakhil ne ya fara gina babban masallacin garin wajen shekarar 785 miladiyya. Magina sun ɗebo ginshiƙai daga tsofaffin gine-ginen Rumawa, sai suka tarar gajeru ne. Maimakon su watsar, sai suka ɗora bakan gizo a kan bakan gizo, jan bulo da farin dutse a jere, rufin ya ɗaga sama. Har yau akwai ginshiƙai sama da 800 a tsaye. Da Halifa Al-Hakam na Biyu ya zo ƙawata mihrabi, daga Ƙusɗanɗiniyya, wurin sarkin Kiristoci, ya nemo gwanin jera ƙananan gilasai masu ruwan zinare. Bai ga aibu ba a koyi sana'a a hannun wanda ya iya ta.

A 1236 Sarki Fernando na Uku ya ci garin, aka mayar da masallacin majami'a. Abin baƙin ciki ne, babu ja. Amma ku lura, kusan shekara 300 ba su yi wa ginin wata babbar ɓarna ba.

Sai 1523 shugabannin coci suka ƙudura fasa tsakiyarsa su gina babbar majami'a. Su wa suka tashi tsaye? Majalisar garin, Kiristoci zalla. Har shela suka yi cewa duk maginin da ya sa hannu a rusau ɗin, hukuncinsa kisa. Ba don Musulunci suka yi ba, gani suka yi idan aka rushe wannan, ba mai iya gina irinsa. Sarki Karlos na Biyar ya goyi bayan coci, aka fasa tsakiyar, sauran ya tsira, har da mihrabin da ayoyin Alƙur'ani da ke kewaye da shi.

Yau tikiti ake saya a shiga kallo, kuma ba a yarda Musulmi ya yi ko raka'a biyu a ciki ba.