Robar sifirin ba ta yi mini wata uku

Malam, ina da tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura, wadda na gada a wajen mahaifina. Da ita nake fito da rake daga fadamun Kudan zuwa kasuwar Makarfi, in lokacin tumatir ya zo kuma in koma wajen Ikara. Damuwata bushin sifirin. Duk sanda aka sa sabo, ba ya rufa wata uku sai in fara jin ƙwas-ƙwas a ƙarƙashi, motar ta riƙa janye mini sitiyari, tayar gaba tana cinyewa ta gefe guda. Bakanikena ya ce robar yanzu ce ba ta da kyau, in bari ya yanko mini daga tsohuwar taya. In yarda? Ga kakar rake ta matso.

Mai karatu daga Hunkuyi

Alhaji, Allah Ya jiƙan mahaifinka, ya bar maka mota mai jure wahala. In ƙirar kafin 1999 ce, gaba da baya duk sifirin falle-falle ne, don a shekarar ne Toyota ta mayar da na gaba mai naɗi. Kowane sifirin yana riƙe a wuri uku: ƙusar da ta kafe shi a jikin shasi, da sama da ƙasan hanga mai lilo. Kowane wuri roba biyu ake turawa, ɗaya ta kowane gefe. Ka ga mota guda roba 24 ke nan, kuma in an canza rabi an bar rabi, tsofaffin ne za su kashe sababbin.

Bakanikenka yana da gaskiya ta wani fannin, jabun roba ta cika kasuwa. Amma abin da na fi zargi shi ne yadda ake ɗaurewa. Yawancin gareji mota tana kan jak, tayoyi na reto, ake tamke notin har ƙarshe. Da an sauke ta, nauyi ya murɗe robar tun ba ta taka ko'ina ba. Ka ɗora mata rake ka shiga gargada, murɗar ta ninku, sai ta tsage. Abin da ya dace a kama notin sama-sama, a sauke motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mutum biyu su hau baya su girgiza ta har sifirin ya zauna, sannan a tamke. Ka tsaya a kai ka ga an yi haka, ko da za a ce ka cika sa ido.

Sai ƙusar kanta. In an zaro ta, ka goge ka shafa da yatsa. Ruwan fadama da yashi suna cin ta har ta yi ƙugu a tsakiya, tsatsa ta yi mata kaushi kamar magagari. Sabuwar roba a kan irin wannan ƙusa asarar kuɗi ce. Ka leƙa idon sifirin ma: in ya buɗe ko ya daina zama da'ira, babban fallen ne za a sake. A kankare tsatsar ciki, a tura robar da ruwan sabulu. Kada a shafa mata baƙin mai ko giris na yau da kullum, suna kumbura roba ta ruɓe.

Robar taya kuwa ta fitar da mutum daga daji ce kawai. Ba ta cika ramin daidai, ƙusa tana wasa a ciki, daga nan ramin hanga ya faɗaɗa, aikin ya koma na mai walda. Ka daure ka nemi ta asali a Sabon Garin Zariya ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohuwar da ƙusarta a gwada a gabanka, don na gaba da na baya ba lallai girmansu ya zo ɗaya ba.

Ina roƙonka, kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashi mota tana kan jak kaɗai. A tokare shasi da ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a sa wa tayoyi waigi, domin sifirin yana iya zabura in an zare ƙusa. Bayan mako guda da fara lodi ka koma a sake bin notocin, har da na maɗaurin da ya haɗa sifirin da gatari. Lodin ma ka rage: in sifirin ya miƙe sambal a ƙarƙashin kaya, ya wuce ƙarfinsa, ka raba raken sawu biyu.