Zarto Mai Aiki da Lantarki: Abin da Ya Kamata Maigida Ya Sani

A da, wanda duk ke son tsaga falanki sai ya ɗaura ɗamara ya wuni yana ja da zarton hannu. Yau kuwa zarto mai aiki da lantarki ya cika kasuwannin ƙasar nan, tun daga Legas har Kano, ya kuma shiga gidajen mutanen da ba kafintoci ba ne: malamin makaranta mai son haɗa kantar littattafai, da ma'aikacin da ya yi ritaya yana gyaran ƙofofinsa da kansa. Wannan ci gaba ne. Sai dai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta a rufe sassan inji masu haɗari, masana'antu ta shafa, kuma can ne sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke zuwa dubawa. Babu sufeton da zai shigo zauren gidanka. Saboda haka kai ne ma'aikaci, kai ne kuma sufeto.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunmu. Faifan zarton da aka fi sayarwa faɗinsa milimita 185 ne, watau inci bakwai da kwata, yana kuma juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya. In faifan na da haƙora 24, to, haƙora kusan 2,000 ke nan ke giftawa cikin daƙiƙa guda, kowanne yana gudun da ya haura kilomita 170 a awa. Kafin ido ya gaya wa hannu ya janye, aikin gama ya gama.

Harbin zarto

Mutane da yawa suna zaton muddin sun tsare yatsunsu daga gaban faifai sun tsira. Ba haka ba ne, domin zarto yana harbi kamar jaki, kuma baya yake harbawa. Ga yadda abin ke faruwa. Yayin da faifai ke cin katako yana barin tsaga a bayansa. Idan tsagar nan ta haɗe ta matse faifan, haƙoran baya sai su kama katakon, ƙarfin injin duka kuma ya tunkuɗo zarton sama, ya yo kan mai riƙe da shi. In zarton tebur ne, katakon zai wurgo kamar mashi.

Abin da ke matse faifai kusan kullum shi ne yadda aka ɗora katakon. Wanda ya ɗora falanki a kan benci biyu, ɗaya a wannan kai ɗaya a wancan, ya yanka tsakiya, ya haƙa wa kansa rami: da yankan ya yi nisa sai falankin ya lotsa, ɓangarorin biyu su rungume faifan. Daidai shi ne a tokare ɓangaren da za a riƙe, a ɗaure shi tam da abin matsewa, a bar guntun da ake cirewa ya faɗi da kansa. In faffaɗan allo ne, a jera masa matokara a ƙasa, hagu da dama, kusa da layin yanka. Kada a taɓa riƙe katako a hannu ko a dafe shi bisa gwiwa, ko da guntu ne.

Ɗanyen katako ma yakan murɗe ya rufe tsaga, haka nan mai ƙulli. Tsohon katakon rufi kuwa a bincike shi, a cire ƙusoshi tukuna. Dakusasshen faifai yana sa mutum ya riƙa dannawa da ƙarfi, dannawar nan kuwa ita ke karkatar da shi daga layi. A daidaita zurfin faifai yadda abin da zai leƙo ƙarƙashin katako bai wuce tsawon haƙori ɗaya ba. A riƙe zarto da hannu biyu, a tsaya daga gefe, ba daidai bayan faifai ba, domin ko ya yi harbi ya wuce ta iska. A bari inji ya kai cikakken gudunsa kafin haƙora su taɓa katako. Idan ya cije a tsakiya, a saki makunni, a jira ya tsaya cik, sa'an nan a zaro shi.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare wadda ya wajaba a yi tir da ita, watau ɗaure murfin faifai da waya ko cusa masa tsinke, wai don yana rage sauri. Murfin nan shi ke komawa ya rufe haƙora da zarar an gama yanka. In babu shi, zarton da aka ajiye faifansa bai gama juyawa ba sai ya ruga a ƙasa ya bi ta kan ƙafa. Haka kuma siririn ƙarfen nan mai kama da wuƙa da ke tsaye bayan faifan zarton tebur ba ado ba ne, shi ke hana tsaga haɗewa. Idan hannu ya kusa faifai da santimita 30, a ƙarasa tura katakon da sanda. Mafi muni duka shi ne ɗaura faifan zarto a ƙaramin injin gurza ƙarfe, wanda ke juyawa wajen sau 11,000 a minti, ba a kuwa ƙera shi don katako ba.

Wuta, tufafi da ƙura

Wutar gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, ta isa ta kashe mutum. A sa wa waya fulogi sosai, a bar cusa tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana. A ajiye wayar a bayan mai aiki, kada a yi aiki a kan jiƙaƙƙen daɓe. Kafin a canja faifai ko a cire abin da ya maƙale, a zare fulogi, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sa'an nan ga abin da ya fi shafarmu a nan ƙasar: idan an ɗauke wuta ana cikin aiki, a kashe zarto a zare shi nan take. Zarton tebur da aka bari a kunne zai iya tashi da kansa lokacin da aka dawo da wuta ko aka ta da janareto, wataƙila a sa'ad da yaro ke wasa da faifansa.

Babbar riga da mai faɗin hannu da rawani mai jela, duk a tuɓe su. Safar hannu ma a cire, don haƙori na kama ta ya ja hannun ciki. A sa tabarau na kariya da abin toshe kunne, gama ƙarar zarto takan kai desibel 100, alhali daga 85 ji ke fara lalacewa in an daɗe. Ƙura kuwa ba abin rainawa ba ce: a 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, ta katakon iroko kuma an san tana ta da asma da ƙaiƙayin fata. A yi aiki inda iska ke ratsawa, a rufe hanci da takunkumi.

Idan tsautsayi ya auku

A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a nufi asibiti. Kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. Idan yatsa ya cire, kada a yar da shi: a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a tsoma ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, amma kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi da shi ba tare da ɓata lokaci ba, kuma a tuna wa likita da allurar tetanus. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙashi a Dala ta Kano da Igbobi ta Legas da Inugu, amma a fara zuwa asibiti mafi kusa domin a tsayar da jini.