Darasi: Ɗaki Mai Sanyi Ba Fanka

'Yan'uwa manoman Buji, bayan kaka da yawanmu za mu ta da sabon ɗaki. Mu lura, rufin kwano ba silin tanda ne da bazara. Jarirai da tsofaffi ke shan wuyarsa.

A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idar gini mai rage cin lantarki. Cikin sharuɗɗanta akwai tare zafin rufi da yi wa tagogi inuwa. Ga yadda za mu bi:

1. Bangon tubali mai kauri, gama yana jinkirta zafi.
2. Silin ko zana ƙarƙashin kwano, da kafar shigar iska.
3. Tagogi su dubi kudu da arewa.
4. Darbejiya a yamma, nesa kaɗan da bango.

Mu tattauna wannan a taron ƙungiya kafin a haƙa harsashi.